Babbar a-kori-kura 'yar Amurka: daɗin tuƙi akwai, amma aljihu da lungu sun shaida

Duk wanda yake da Hilux ko wata matsakaiciyar a-kori-kura, kuma ransa yake biya masa irin manyan nan da ake kawowa tokumbo daga Amurka, ya saurare ni tukuna kafin ya je wurin dillalai. Tawa mai silinda takwas ce, ƙofa huɗu, mai ja da taya huɗu. Sunan kamfanin ba shi ne zancen ba, domin F-150, Silverado, Ram da Tundra duk jirgi ɗaya ya kwaso su wajen girman jiki, kuma ƙorafina a kan girman yake da abin da ya jawo min.

Kafin ita Hilux nake hawa, mai injin fetur na 2.7, wadda kowane bakanike a Kano zai iya kwance ta ya ɗaure. Ina da gonar shinkafa a wajajen Kadawa, don haka aikin motata sananne ne: taki, iri, injin ban ruwa, jarkokin mai, ma'aikata a baya, sai buhunan shinkafa idan an yi girbi. A farkon 2023 na canza. Dillalin da ya haɗa cinikin ya dafa ƙirji ya ce min, "Ranka ya daɗe, bambancin shan man ba wani abu ba ne, lita ɗaya ko biyu ce kawai a tafiya. Kai dai ka ji daɗinka." A lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 ba, tankin kuma lita 100 yake ci, wato da ƙasa da naira dubu ashirin an cika shi taf. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tankin nan dai bai ragu ba. Ranar da na fara ganin mitar gidan mai ta doshi dubu ɗari a shan mai guda, yaron da ke zubawa sai da ya leƙa ƙarƙashin motar, wai ko tankin yoyo yake.

Bambancin da dillali ya kira lita ɗaya ko biyu, su Amurkawan da suka ƙera motocin ba su ɓoye shi ba. Hukumarsu ta kare muhalli, EPA, tana rubuta ƙiyasin shan man kowace mota. Tundra mai injin 5.7 mai ja da taya huɗu, mil 15 take yi a galan idan an haɗa cikin gari da babban titi, wato kilomita shida da ɗan wani abu a lita. Tacoma mai silinda shida, wadda ita ce matsakaiciyarsu, mil 20 take yi, kusan kilomita takwas da rabi a lita. Wannan fa lissafin titinsu ne. Ka kawo motar nan Kano, ka saka ta a cunkoson Ƙofar Nassarawa da rana tsaka, esi a kunne don ba yadda za ka yi da zafin watan Afrilu, ni abin da nake gani a tawa bai wuce kilomita huɗu zuwa biyar a lita ba. Hilux ɗina a wannan hanyar tana ba ni kusan ninkinsa in na lallaɓa ta.

Amma ba man ne ya fi ƙona min rai ba. Abin da ya faru a cikin birni ne.

Gab da azumi na ɗora wa Hajiyarmu buhunan shinkafa da gero zan kai mata gida, can cikin unguwa bayan Mandawari. Lungun nan tun ina yaro nake binsa, kuma Hilux tana shiga har ƙofar gida, iyakaci ka naɗe madubi ɗaya a kwanar da ke da turken wuta. A takarda bambancin ba shi da yawa: Hilux faɗinta wajen mita 1.85, tsawonta wajen mita 5.3, manyan nan faɗinsu ya ɗan haura mita 2, tsawonsu kuma 5.8 zuwa 5.9. Tafin hannu biyu ne a faɗi, rabin mita a tsawo. A lungun birni wannan rabin mitar shi ne komai. Na shiga da kai lafiya lau, na naɗe madubai biyun, ina zuwa kwanar sai gaba ya wuce, baya ya ƙi biyowa. Turken wuta a dama, dakalin wani gida a hagu. Na ɗan ja baya in gyara, ashe wani mai adaidaita sahu ya riga ya manne min, bayansa wani, bayansa mai kurar ruwa da jarkokinsa, bayansa kuma masu babura suna ta danna hon. Daga gaba ma wasu sun taho sun tsaya. Hancin motar dogo ne kuma yana da tudu, daga kujerar direba ba ka ganin abin da ke gabanka kusa, ga yara sun cika wurin suna ta shafa ta, sai na ji tsoron ko motsi in yi.

Nan take kowa ya zama malamin tuƙi. Wani dattijo yana cewa, "Alhaji, karya kan duka zuwa dama." Wani saurayi yana bugun bodi yana cewa, "Taho, taho, akwai wuri." Mai adaidaita sahun da ya toshe ni shi ya fi kowa faɗa: "Haba Alhaji, wannan ai ta Abuja ce, me ya kawo ta lungu?" Magariba ta kawo jiki, masu shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallacin unguwa suna tsaye da tabarminsu a hannu suna jirana. Da na bi maganar mai cewa akwai wuri, sai na ji ƙiii, gefen ƙofar baya ya goga da dakali, fitilar baya ta hagu kuma ta daki kusurwar katanga ta fashe. Daga ƙarshe sai da aka roƙi duk na bayana suka koma da baya ɗaya bayan ɗaya, ni ma na fito da baya har bakin titi, ƙanina yana tafe yana min ishara da hannu. Buhunan kuwa 'yan dako na ɗauka suka shigar da su a baro. Hajiya da ta ji labari cewa ta yi, "Kai kuwa ina waccan motar taka mai hankali?" Tun daga ranar in zan je gaishe ta, a bakin titi nake ajiyewa in taka, in kuma ba yaro wani abu ya kula min da ita.

Fitilar nan da ta fashe, na zagaye kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ban samu ba. Ta Hilux kuwa ko ta wace shekara kake so za a zaro maka, sabuwa ko ta hannu. Sai Legas aka aika kasuwar Ladipo aka samo, kuma abin da na biya da kuɗin mota ya isa in sayi fitilun Hilux gaba da baya. Wani abokina mai F-150 ya ce in gode Allah tawa jikin ƙarfe ce, domin tun daga ƙirar 2015 jikin F-150 na alminiyam ne, kuma ba kowane mai buga jikin mota ba ne ya iya da shi.

To, kada in zalunce ta. In ka hau titin Kano zuwa Zariya da ita, sai ka manta da duk wannan. Kujerar baya mutum uku manya za su zauna su miƙe ƙafa, ba irin zaman Hilux ba da gwiwa ke dukan kujerar gaba. Ramuka tana haɗiye su, ba ta yin tsallen nan na Hilux in bodi babu kaya. In za ka wuce tirela, kana taka totur ta wuce, babu wani lissafi ko addu'ar neman tsari. Maman yara da ta saba yin ƙorafin ciwon baya in mun je Kaduna, a wannan barci take yi har mu isa. A doguwar tafiya ma shan man yana sauka, in ka riƙe ta a gudu ɗaya ba ka matsa mata ba, takan kusanto kilomita bakwai a lita. Akwai kuma ranar da damina ta kama wata motar ɗaukar kaya a taɓo a hanyar gona, tana ɗauke da taki, an yi turi an gaji. Na ɗaura mata igiya, na saka giyar ƙarfi, ko gurnani injin bai yi sosai ba ta fizgo ta waje. Ranar kam na ji kuɗina bai tafi a banza ba, mutanen ƙauyen har yau suna ba da labari. A wajen ja, babu haɗi: manyan nan an yi su ne su ja nauyin tan huɗu zuwa sama, Hilux kuwa iyakarta tan uku da rabi, shi ma sai masu injin dizal na baya-bayan nan.

Sai dai ja daban, ɗauka daban, kuma a nan ne raina ya sake ɓaci. Ni na ɗauka, kamar yadda kowa zai ɗauka in ya ga girman motar, cewa za ta ninka Hilux ɗaukar kaya. Ranar da na je ɗaukar taki na ce wa yara su loda buhu ashirin kamar yadda muka saba. Kafin su gama, bayan motar ya durƙusa, hancin ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sako-sako a hanya. Bakanikena ya buɗe ƙofar direba ya nuna min wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin, inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka: kilo ɗari bakwai da 'yan kai, kuma har da mutanen da ke ciki. Buhun taki kilo 50 ne. Wato in ni da mutum biyu muna ciki, buhu goma ne haƙƙinta. Hilux a takarda kusan tan guda take ɗauka. Motar da ta fi ta tsawo da rabin mita, ta fi ta shan mai nesa ba kusa ba, ita ce kuma ba ta kai ta ɗaukar kaya ba! Dalilin a fili yake in ka leƙa ƙasa: sifirin ɗin baya an yi shi da laushi don jin daɗin zama, jikin motar kansa kuma ya riga ya cinye nauyi mai yawa. Bodin ma tsawonsa ƙafa biyar da rabi ne, bai fi na Hilux mai ƙofa huɗu da wani abin kirki ba, duk tsawon ya tafi a ɗakin zama da hanci. Faɗi da zurfi dai ya fi, wannan gaskiya ne, katifa ko injin ban ruwa suna zama a sake.

Da na yi tunani sai na ga motar ba ta yi ƙarya ba, don mutanenta aka yi ta. Ba'amurke yana sayen mai a galan, kusan lita huɗu, a kan dala uku da wani abu a farashin 2024, titinsa da wurin ajiye motarsa masu faɗi ne, abin da yake buƙata kuma shi ne ya ɗaura kwalekwalensa ko tirelar dawakinsa ko ɗakin kwana mai taya ya ja zuwa wata jiha. Shi ya sa motocin Ford na jerin F suke kan gaba a cinikin a-kori-kura a can tun 1977, Hilux kuwa ba a ma sayar da ita a Amurka. Mu nan wa yake jan tirela? Mu lodi muke yi, a kan bodi, har ya fi ƙarfin mota. Su ma can ɗin sun fara ja da baya daga manyan injina: Tundra ta bar silinda takwas daga ƙirar 2022 ta koma shida mai turbo, F-150 mai injin 2.7 turbo kuma EPA ta ba ta mil 22 a galan in mai jan taya biyu ce, ta fi Tacoma ɗin da na ambata sauƙin mai duk da girmanta. Wanda ya nace sai babba, ya nemi irin wannan, amma ya fara tambayar bakanikensa ko ya san turbo, kuma ya san inda zai riƙa shan mai mai kyau.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a faɗa maka. Get ɗin gidana sai da aka fasa ginshiƙi ɗaya aka ƙara faɗi, rumfar mota kuma bayan motar yana waje rana tana dukansa. Juyin sha-tale-tale ko juyawa a tsakiyar titi sai ka yi gaba ka yi baya mutane suna zaginka a zuci. Masu wankin mota kuɗin bas suke cajina. Canjin baƙin mai kusan lita takwas take sha, fulogi ma ba huɗu ba ne. A shingen hanya kuwa kowa kallon mai kuɗi yake maka, gaisuwar ma daban ce.

Wasu sun ba ni shawarar in mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG. Na je na gani, tukunyar a bodi za a ɗaure ta, bodin da dama shi ne ƙorafina, ga nauyinta da za a cire daga ɗan abin da motar ke ɗauka. Na haƙura.

Na gwada sa ta a kasuwa. Dillalin nan dai da ya ce min lita ɗaya ko biyu ce, shi ne ya zagaya ta yana taɓe baki yana cewa, "Alhaji, ka san yanzu mutane gudun masu silinda takwas suke, shan mai gare su." Farashin da ya taya ko tsohuwar Hilux mai lafiya ba zai saya min ba, domin su kullum tashi suke. Don haka tana nan a gida, ina fito da ita in za a yi tafiyar Kaduna ko Abuja da iyali, ko in damina ta yi nisa hanyar gona ta lalace. Jigilar taki da zirga-zirgar cikin gari kuwa Hilux ɗin ƙanina nake ara in zuba masa mai, shi kuma yana aron tawa in zai je ɗaurin aure. Tayoyinta huɗu sun kusa ƙarewa, na tambayi kuɗin masu inci 20 a kasuwa, na ce wa mai shagon zan dawo bayan girbi.