rsyslog a sabar tsakiya: yana aiki, amma kada ka yarda da @@ kaɗai

rsyslog manhaja ce ta Linux da ke tattara log, wato bayanan abin da ke faruwa a na'ura, tana kuma iya tura su zuwa saba guda ta tsakiya. Ɗora shi bai kai rabin awa ba. A kan sabar da za ta tara log, ka loda imtcp, ɓangaren da ke karɓar saƙo ta TCP, ka buɗe ƙofa (port) 514 a katangar tsaro (firewall), ka rubuta template da zai ware wa kowace na'ura foldarta a ƙarƙashin /var/log/remote. A sauran na'urorin kuwa layi ɗaya ne cikin /etc/rsyslog.d: *.* sai @@ da adireshin sabar. Alamar @ guda tana nufin UDP, biyu TCP, wato hanyoyi biyu na tura bayanai a kan hanyar sadarwa. Ka gwada da umarnin logger, mai tura saƙon log da hannu, saƙo ya iso nan take. A wannan matakin ba ni da ƙorafi ko ɗaya, ga shi ba ya cin ƙwaƙwalwar na'ura.

Matsalar ta bayyana ne ranar da aka kashe sabar na kusan minti arba'in don sabunta ta. Da ta dawo, log ɗin kowace na'ura yana da giɓi daidai tsawon wannan lokacin. Babu saƙon shiga na'ura daga nesa ta ssh, babu na umarnin mai gudanarwa ta sudo, babu komai, kamar an yanke da almakashi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na zaɓi TCP ne musamman don kada a rasa komai, tunda kowa ya san UDP jifa ne a duhu.

Ga dalilin. Wancan layi ɗaya na @@ ba ya zuwa da layin jira (queue) nasa, inda saƙonni za su dakata kafin a tura su. Nau'insa Direct ne, wato turawa kai tsaye ba ajiya. Sannan action.resumeRetryCount, wato adadin sake gwada turawa, a sifili yake idan ba ka taɓa shi ba. Ke nan da zarar sabar ta ƙi amsawa, sai rsyslog ya dakatar da turawa, ya jira daƙiƙa 30 kafin ya sake ƙwanƙwasawa, saƙonnin da suka zo a tsakani kuma ba ya ajiye su don turawa daga baya. Suna nan a fayilolin na'urar da ta haife su, amma sabar tsakiya ba za ta taɓa ganinsu ba. To ina amfanin tara log a wuri guda idan sai ka koma bin na'urori ɗaya bayan ɗaya?

Gyaran yana buƙatar ka bar tsohon salon rubutu ka koma action(type="omfwd"). A ciki ka sa queue.type="LinkedList", ka ba shi queue.filename, domin sunan fayil ɗin ne ke ba shi damar zubawa a faifai idan ƙwaƙwalwa ta cika. Ka ƙara queue.saveOnShutdown="on", ka mayar da action.resumeRetryCount zuwa -1 don ya yi ta gwadawa ba iyaka, ka kuma ɗaure shi da queue.maxDiskSpace="1g" kada ya cinye faifan. Hattara: kada ka sa -1 ba tare da layin jira ba, domin babban layin rsyslog ne zai cushe, har rubuta log na cikin gida ya tsaya. Ka tabbatar workDirectory, foldar da ake ajiye fayilolin layin jira, yana nan kuma ana iya rubutu a ciki. A Debian da Ubuntu /var/spool/rsyslog ne, a dangin Red Hat /var/lib/rsyslog.

Bayan wannan na sake kashe sabar da gangan. Da ta tashi sai ga saƙonni suna kwarara, kowanne da ainihin lokacinsa. Gaskiya nan ya burge ni, har na fara sauka daga fushin.

Sai dai da na ƙirga layukan da na tura da logger, 'yan kaɗan sun ɓace daidai lokacin da haɗin ya yanke. TCP yana karɓar saƙo ya riƙe a ma'ajiyarsa, rsyslog ya ɗauka ya isa, alhali bai isa ba. Maganinsa wata hanyar turawa ce mai suna RELP, omrelp a masu turawa, imrelp a saba, wanda sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar da karɓa kafin a goge saƙo. Kunshinsa daban ne, rsyslog-relp, kuma idan ka zaɓi ƙofa irin 2514 a na'ura mai tsarin tsaro na SELinux, sai ka yi wa ƙofar rajista a matsayin syslogd_port_t da umarnin semanage, in ba haka ba ka wuni kana zargin katangar tsaro.

Wani abin da ya ƙara min ciwon kai: idan ba ka ɗaure ƙofar shiga da ruleset nata, wato jerin dokokinta na daban, ba, ko ka sa stop bayan template, log ɗin sauran na'urori zai riƙa zuba cikin /var/log/messages ko /var/log/syslog na sabar kanta, komai ya zama biyu. Logrotate kuma, mai juya tsofaffin fayilolin log, bai san da sabuwar foldar ba sai ka rubuta masa doka. Na'urorin da aka bari da suna localhost duk a folda ɗaya za su cakuɗe, gara ka yi amfani da %fromhost-ip%, wato adireshin IP na mai turawa, a cikin template.

Zan ci gaba da amfani da shi, amma tauraro uku da rabi zan ba shi cikin biyar, saboda shirun da yake yi yana zubar da saƙo. Kafin kowane restart ka gudanar da rsyslogd -N1 don duba kuskure a saitinka, sannan ka kashe sabar da hannunka ka ƙirga layuka.