Nintendo ko PlayStation: ina kamfanonin gem na Japan ke kai kayansu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wani gem ɗin Japan yake fitowa a PlayStation kaɗai, wani kuma a Nintendo, sannan wacce za ka saya tunda wasannin Japan kake so. Bari in jera maka su yadda mai haɗa gem yake kallonsu. Shi ɗan kasuwa ne, lissafinsa biyu: nawa zai kashe, kuma masu sayen kayansa wace na'ura ce a hannunsu.

Tun 1987 Final Fantasy ɗan gidan Nintendo ne, shida na farko duk a can suka fito. Sai Sony ta kawo PlayStation mai faifan CD a Disamba 1994, Nintendo 64 kuma ta zo a 1996 da kaset, kamfanin Square, mai yin Final Fantasy, ya ɗora su a sikeli. Kaset yana da daɗinsa, kana zura shi gem ya tashi, babu jira. Amma mafi girmansa megabait 64 yake ɗauka, faifai ɗaya kuwa kusan 650. Ga tsada, kuma ta hannun Nintendo ake yin odarsa, ka zuba kuɗi tun ba ka san ko kasuwa za ta karɓa ba. Ka yi oda da yawa kaya su kwanta maka, ka yi kaɗan su ƙare kana ji kana gani, ka shafe makonni kana jiran wasu. Faifai arha ne, in ya ƙare a sake bugawa cikin 'yan kwanaki. Final Fantasy VII ya fito a PlayStation a Janairu 1997, faifai uku cur a kwali ɗaya. Kana tsakiyar labari allo zai ce ka cire na farko ka saka na biyu. Ina kaset zai ɗauki wannan? Kamfanin Enix ma ya bi sahu da Dragon Quest VII a 2000. A ganina Square bai ci amanar kowa ba, gem ɗin da ke kansa ne ya fi ƙarfin kaset.

Yau magana ta juya. Switch ta Nintendo, wadda ta fito a Maris 2017, ba ta kai PlayStation ƙarfi ba, amma ita ta mamaye Japan, inda mutum yake buga gem a jirgin ƙasa a hanyar aiki. Ƙaramin kamfani da ke neman kasuwar gida can zai nufa. PlayStation 5 kuwa tana ba da hoto mai kyan gaske, sai dai irin wannan gem yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma ba a mayar da su sai an sayar a Amurka da Turai. Dubi dabarar kamfanin Capcom, abin yana burge ni: Monster Hunter: World a 2018 ya tafi PlayStation 4 da Xbox One, daga baya kwamfuta, Monster Hunter Rise kuma a 2021 ya fara da Switch. Kowace kasuwa an ɗinka mata rigarta.

Xbox ba sai na daɗe a kanta ba. Microsoft, mai Xbox, ta kashe kuɗi a kan wasannin Blue Dragon da Lost Odyssey lokacin Xbox 360, amma mutanen Japan ba su karɓe ta ba.

Shi kansa Square Enix, wato haɗakar Square da Enix, bayan ya fitar da Final Fantasy XVI a PlayStation 5 kaɗai a 2023, ya sanar a 2024 cewa zai riƙa baza manyan wasanninsa a na'urori da dama. Don haka kada ka sayi na'ura saboda gem ɗin kamfanin da ba shi ya ƙera ta ba, mai yiwuwa ya iso ɗayar daga baya. Mario da Zelda ne ba za ka taɓa gani a PlayStation ba, domin Nintendo ke da su. Amma in Tekken 8 ne a ranka kuma ba za ka iya jira ba, ɗauki PlayStation 5. Ni dai Switch zan ce maka, ko Switch 2 ta 2025 in aljihu ya yarda, ko don batirinta: a ɗauke wuta kana tsakiyar faɗa da dodo, ka zare ta daga mazauninta ka ci gaba a hannu.