Igiyar goge bindiga ta tsinke mini a cikin bututu

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan akwatin kayan goge bindiga. Gaskiya saboda igiyoyin nan biyu na saye shi, waɗanda ake zura ɗan ƙarfen bakinsu ta gindin bututun bindiga ya faɗo ta baki, a ja, burushin tagullan da aka saƙa a jikinsu ya kwaso dattin. Ta bindigar harbin tsuntsaye mai lamba 12 ba ta taɓa ba ni matsala ba. Bututun nan faɗinsa ya kai milimita 18 da rabi, cikinsa kuma sumul yake, ja biyu ka ga yana sheƙi. Har na fara yi wa abokan farauta talla.

Ashe ƙaramar igiyar, ta ƙaramar bindigata mai lamba .22, ita ce za ta nuna mini hali.

Ranar da abin ya faru na dawo daga gwajin saiti da yamma. Na cire harsasai, na leƙa na tabbatar babu komai a ciki, na zare sakata, na zura igiya kamar kullum. Ta kai rabi sai ta cije. Na naɗe ta a hannu na ƙara ƙarfi, sai ji na yi fat, siririn zaren ya rabu da kaurin jikin daidai wurin ɗinki. Guntu a hannuna, burushi a tsakiyar bututu. Ramin da bai wuce milimita 5.6 ba, ko ɗan yatsa ba ya shiga, balle filaya.

Wutsiyarta na lilo ta gindi, sai na ce bari in ja da baya. Babban kuskure. Gashin burushi ya riga ya kwanta ta fuska ɗaya, in ka juya shi miƙewa yake yi ya kafe a jikin ƙarfe. Na ɗauko sandar alminiyom mai gaɓa uku da ta zo a akwatin na tura ta baki, ita kuma ta lanƙwashe a gaɓa ta biyu kamar kara, ta kuma ƙara dunƙule igiyar a ciki. Wani abokina da na kira har cewa ya yi in sa harsashi ɗaya in harba ya fito da ita. Na ce masa ya rufa mini asiri. Bututun da ya toshe in aka harba, ko ya kumbura ko ya fashe a fuskar mutum.

Kwana uku bindigar ta yi a wurin mai gyara. Ya jiƙa ta da mai dare biyu kafin ya samu ya fitar da abin da sandar tagulla. Da na je karɓa ya haska mini tocila ya ce, "Malam, zo ka ga aikin sandarka." Ga ɗan karce nan kusa da baki. Ya ce Allah ya taimake ni bai taɓa leɓen bututun ba, don nan ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in ya ɓalgace saiti ya tafi. Shi ya sa ake goge bindiga daga gindi zuwa baki. Na san wannan sarai, fushi ne ya ɗebe ni.

To, ba zan ɗora wa masu sayar da akwatin laifin duka ba. Tun da na sayi igiyar ban taɓa wanke ta ba, ta yi baƙi ƙirin da toka da ɓurɓushin dalma, ta ƙara kauri. Ruwan wanke bututunsu kuwa sai dai a yaba. Ragowar robar harsashi da ta manne a bindigar tsuntsaye, minti goma na bar shi ya jiƙa, ta fito ɓawo-ɓawo a jikin ƙyalle. Man ma ba laifi, shafa kaɗan ya hana tsatsa duk lokacin damshi, muddin ka tuna ka bi da busasshen ƙyalle kafin harbi. Da a nan zan tsaya, da tauraro uku zan ba su.

Amma duk lokacin da na tuna amsar da suka ba ni sai raina ya sake ɓaci. Na aika musu hoton wurin ɗinkin da ya warware, suka ce wai ko na sa igiyar da ba ta bindigar ba ce. Ga .22 nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen bakinta! Takardar cikin akwatin kuma ko layi ɗaya babu a kan wanke igiya, ko abin da mutum zai yi in ta maƙale. Kuɗin mai gyara ni na biya, har murfin kwalbar ruwan ma yoyo yake, ya ɓata mini jaka. Tauraro biyu. Na sayi sanda mai gaɓa ɗaya don ƙaramar bindigar, igiyar lamba 12 kuma tana nan, sai dai ba na zura ta yanzu sai na ja ɗinkin da hannu biyu na gani.