Hattara da mai allon ƙwayayen fitila, dabarar tana bayan katako

Jama'a, wanda ya karanta wannan ya sanar da na gida, musamman iyayenmu mata da ke zuwa kasuwa. Ni mai aikin wayarin ne, kuma abin da zan faɗa a kan goggona ya faru, ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Ranar kasuwa ta dawo da ƙwayayen fitila guda 6, ko wanne naira 2,500, tana murna. Wai wani ne ya kafa tebur da ƙaramin janareta da allon katako mai ƙwai biyu. Ɗaya an rubuta wat 100, ɗaya wat 40. Ya kunna, sai ga mai wat 40 yana haske, mai wat 100 kuwa ja kawai ya yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya ce mata: "Hajiya, kin gani da idonki. Nawa ɗan Jamus ne, ci kaɗan, haske da yawa. Katin mitarki zai yi wata biyu." Ba na ganin laifinta. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato Band A, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, duk wanda aka yi wa maganar rage cin wuta sai ya tsaya ya saurara.

Da muka ɗaura su a gida, ɗakin ya fi da duhu. Ƙwai ne mai zare irin na da, wanda ko an ba ka kyauta a yau sai ka yi tunani kafin ka karɓa.

Ga yadda abin yake. Hanya biyu ake haɗa ƙwai. A gidajenmu kowane ƙwai da layinsa, mu muna ce masa faralel: kowanne yana samun bolt 230 ɗinsa cif, mai wat 100 ya fi mai wat 40 haske, kuma in ɗaya ya mutu sauran ba ruwansu. Ɗaya hanyar ita ce haɗin jere, siris, inda wuta ke ratsa ƙwai na farko sannan ta shiga na biyu, kamar raƙuma a igiya ɗaya. A nan wutar da ke gudana iri ɗaya ce a cikinsu, amma bolt ɗin raba shi suke yi, kuma wanda ya fi tare wa wuta hanya shi ke kwashe kaso mai tsoka. To mai wat 40 zarensa siriri ne, turjiyarsa ga wuta, wadda ake aunawa da om, ta kai om 1,300, na mai wat 100 kuwa wajen om 530. Sai ƙaramin ya ɗauke kashi 70 cikin 100 na bolt ɗin ko ma fiye, babban ya tashi da ragowa. Ragowar ba ta isa ta gasa zarensa ya yi fari ba, shi ya sa yake ja. Ko kamfani ɗaya ya yi su, haka za su yi. Abin dariya ma, wannan dokar lantarki da ya fake da ita wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ya bayyana ta a 1827. Iyakar abin da ke na Jamus a teburin ke nan.

Mako na zagayowa na bi ta kasuwar. Yana nan, ya ja baƙin ƙyalle ya yi wa allon inuwa, don ko nasa ƙwan a wannan haɗin ba ya kai haskensa na gaskiya. Na ce: "Malam, don Allah kwance mai wat 100 ɗin nan in duba rubutun." Ya ce da zafi. Na ce ina da hankici. Ina murɗa shi, nasa ƙwan ya mutu tare da shi. Mutanen da ke wurin suka yi tsit, wani dattijo ya ce, "A'a, yaya cire wancan ya kashe wannan?" Na roƙe shi ya juya allon mu ga baya. Sai ya fara naɗe waya, wai man janareta ya ƙare.

Wannan gwajin ya wadatar, ba sai kana da mita ba. A cire ƙwai ɗaya: in ɗayan ya mutu, haɗin jere ne, kuma duk abin da aka nuna maka ƙarya ne. In ya ƙi a cire, ka ce a ɗaura kowanne shi kaɗai a mazauni ɗaya, bi da bi. Amma kar ka kai hannu bayan allon, wayoyin tsirara suke.

Masu sayar da akwatin "rage cin wuta" ma wasunsu haka suke yi: makunnin yana mayar da ƙwai biyu daga faralel zuwa jere, allurar mita ta faɗi, da rana tsaka kuma ba ka lura hasken ya dushe.

In rage kuɗin wuta kake so, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai lumen 800 (lumen shi ne ma'aunin haske), daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. A kwali ka nemi adadin lumen. Na goggo guda 6 suna nan cikin kwando, ta ce in kai wa masu kiwon kaji su ɗumama 'yan tsaki.