Kafin ka sayi kwalin gwajin maleriya na kemis ɗinka

Duk mai kemis a Tudun Wada ko Samaru ya san halin damina: kusan kowa da zazzaɓi yake shigowa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya, shi ya sa ɗan katin nan da ake ɗiga wa jini ya zama kayan aikinmu. Sai dai katunan ba iri ɗaya ba ne.

Akasarin na kasuwa sinadarin HRP2 suke nema, wanda ƙwayar maleriya mai suna falsifaram ke saki, ita ce kuwa ke addabar mu a nan. Suna da sauƙin kuɗi, suna jure zafi. Aibinsu shi ne sinadarin kan yi makonni a jini bayan mutum ya warke. Wata baiwar Allah ta kawo min yaronta kwana 10 da gama magani, jiki rau, layi biyu suka fito raɗau a katin, alamar akwai maleriya. Ta ce a ƙara masa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki kai shi asibiti a duba da madubin likita." Ashe kunne ne ke masa ciwo.

Katin da ke neman pLDH, wani sinadarin ƙwayar na daban, ba ya wannan ruɗin, da ƙwayar ta mutu layin ke ɓacewa, amma idan ƙwayar ba ta yi yawa ba yakan kasa gano ta. Kamfanoni yanzu suna haɗa biyun a kati guda, musamman tunda aka gano a Peru da Eritiriya ƙwayoyin da ba sa sakin HRP2 ko kaɗan. Ni dai ina ajiye mai HRP2 don aikin yau da kullum, mai haɗin kuma kwali ɗaya saboda irin yaron Hajiya.

In ka shiga Sabon Gari saye, juya kwalin. Duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar wa'adi, da iyakar zafin da aka rubuta: wani digiri 30, wani 40. Shagon kwano a watan Afrilu ba ya wasa, ɗauki mai 40. Girgiza kwalbar ruwan gwajin ma, na taɓa buɗe kwali na tarar ta bushe ƙayau, dillalin kuma ya ce ba ya karɓar kayan da aka buɗe.