Tayil mai sheƙi da mai kaushi: abin da na gani bayan shekara guda a gidanmu na Pantami

Da gangan na ƙi cewa komai a kan tayil ɗin da muka shimfiɗa a sashen Inna sai da ya ga damina, ya ga hunturu, ya ga bazara. Ranar da aka gama aiki kowane tayil kyakkyawa ne. Sai ƙura ta sauka, ruwan alwala ya zuba, yara sun ja kujera a kai, sannan mutum yake sanin abin da ya saya.

Gidan gado ne a nan Gombe, ɗaki biyu da falo da banɗaki. Daɓen siminti ne tun zamanin marigayi Baba, aka ɗora masa leda. Duk damina sai ledar ta riƙe danshi a ƙarƙashinta, ɗaki ya ɗauki wari, in ka ɗaga gefenta ka tarar daɓen ya fara zama gari. Sau uku muna canja ta. Daga ƙarshe ni da ƙanena, wanda ya taɓa bin birkiloli aiki, muka ce mu yi tayil da hannunmu a lokacin hutu.

Iri biyu muka saya. Na falo babba ne, 60 da 60, fari tas mai ɗaukar ido, irin wanda masu shago ke kira fosilen. Na ɗakuna da banɗaki kuma seramik ne, 40 da 40, launin yashi, fuskarsa da ɗan kaushi. Ni na nace a kan mai sheƙin. Mai shagon ma sai da ya ce mini, "Malam, in akwai tsofaffi a gidan ka sake tunani." Na ji, amma idona ya riga ya tafi.

Lissafin ba wuya. Falonmu ƙafa 12 ne a 12, wato sukwaya mita 13 da 'yan kai. Kwalin 60 da 60 guda 4 ne a ciki, yana rufe sukwaya mita 1.44, don haka kwali 10 zai isa a takure. Mun ɗauki 11 saboda yanka da fashewa, kuma ba mu yi nadama ba. A ɗakuna ne muka yi ƙwauro, tayil ya yanke mana saura layi biyu. Da na koma na samo mai suna ɗaya da zane ɗaya, amma da aka jera sai ga launin ya ɗan fi duhu, domin ba lokaci ɗaya aka gasa su ba. Akwai lamba a jikin kowane kwali, a tabbata duk sun zo ɗaya, a kuma saya gaba ɗaya.

Aikin da ya fi cin mu shi ne wanda ba a gani. Sai da muka farfashe tsohon daɓen duk inda ya rube, muka sake zuba sabo da simintin Ashaka, wanda ake yi a Funakaye ta nan jihar Gombe, kwano ɗaya na siminti a kwano huɗu na yashi mai kaifi wanda aka tankaɗe. Muka yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Ƙanena ya so mu ɗora tayil a rana ta uku, wani dattijon magini maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Yarana, ku bar shi ya sha ruwa ya ƙoshi, gaggawar me kuke yi?" Allah ya saka masa da alheri, domin shi ne kuma ya nuna mana yadda ake karkata daɓen banɗaki kaɗan zuwa bakin magudana don kada ruwa ya kwanta.

Seramik ɗin ya yi mana biyayya. Ana jiƙa shi a baho kafin a ɗora, don kada ya tsotse ruwan kwaɓin, kuma ƙaramin injin yanka na hannu yana raba shi ba gardama. Wanda bai taɓa aikin ba zai iya koya a ɗaki ɗaya. Babban kuwa wani abu ne daban. Fosilen kusan ba ya shan ruwa, shi ya sa kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi sosai, sai an haɗa da gam ɗin tayil. Ga nauyi, ga taurin yanka, kuma da zarar daɓe ya ɗan tashi a wani wuri sai bakin wannan ya haye na wancan, ƙafa ta riƙa jin tudun. Guda uku muka fasa kafin hannu ya faɗa. Akwai ɗaya kusa da ƙofa da muka yi wa ɗigo-ɗigon gam a kusurwoyi maimakon mu shafe bayansa duka. Har yau in ka ƙwanƙwasa shi ƙarar fanko yake yi, kuma na san shi ne zai fara tsagewa.

Abu ɗaya da muka yi daidai tun farko shi ne barin 'yar tazara tsakanin tayil da tayil, da kuma gefen bango. Zafin Maris da Afrilu a Gombe ba wasa ba ne, tayil yana buɗewa, in an matse shi ba wurin motsi sai ya kumbura ya tashi. Namu bai motsa ba. Sai dai farin simintin da muka cike layin falo da shi ya koma ruwan ƙasa kafin wata uku. A ɗakuna mun sa mai ruwan toka, har yanzu yana nan yadda yake.

To, zaman shekara guda fa? A bazara duka biyun ni'ima ne, yara a ƙasa suke kwana. A hunturu sanyinsu yana shiga ƙashi da asuba, dole a shimfiɗa darduma a bakin gado. Wajen ƙura kuwa mai launin yashi ya yi nisa: shara ɗaya da safe ta wadatar. Farin falo kuma ko an goge shi da hantsi, kafin la'asar sawun kowa ya fito.

Amma duk waɗannan ƙanana ne. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne wata asuba cikin damina. Inna ta yi alwala, ta ratso falo da jiƙaƙƙiyar ƙafa za ta ɗauko hijabinta, santsi ya kwashe ta. Allah ya tsare, ta kama ƙyauren ƙofa, gwiwa kawai ta bugu. Kwana huɗu tana sallah a zaune. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ka samo mini abin takawa." Maganar ta daɗe tana damuna, domin an gargaɗe ni a shago. A ranar na sayo kafet na rufe hanyar daga ƙofa zuwa ɗakinta. A banɗaki kuwa, inda ruwa yake kullum, mai kaushin bai taɓa zame da kowa ba.

Don haka seramik mai kaushi, 40 da 40, zan sake sayensa gobe, kuma shi nake nuna wa duk wanda zai yi aikin da kansa. Babban mai sheƙi ba shi da laifi a inganci, ko ƙarzuwa ɗaya bai yi ba, amma a bar shi ga falon baƙi da ƙwararren mai tayil, a gidan da babu tsoho ko mai rarrafe. Wata mai zuwa za mu yi sashen ƙanena. Na riga na gaya masa, ranar zuwa shago da ledar ruwa za mu tafi, mu zuba a kan samfurin, mu cire takalmi mu taka.