Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6: tana girki da kyau, amma murhunta ba shi da uban gida

Wata takwas ke nan da na sayi ƙaramar tukunyar gas mai cin kilo 6, irin wadda ake ɗaura wa murhu kai tsaye a bakinta, a wani shago da ke cikin kasuwa a Kano. Tsadar kananzir da hayaƙin gawayi ne suka sa muka koma gare ta, kuma a watannin farko ba mu ga abin kushewa ba. Wutarta shuɗiya ce, ba ta baƙanta gindin tukunya, ruwan shayi yana tafasa kafin a gama yanka burodi, sannan mace ɗaya tana iya ɗaukarta daga kicin zuwa tsakar gida ba tare da neman taimako ba. Ita silindar kanta, wato tukunyar gas ɗin, tana da kauri, an buga shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, wanda abu ne mai muhimmanci tunda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ƙayyade wa irin waɗannan tukwane shekara 15 na amfani. Aibinta ɗaya da na lura da shi tun farko shi ne ƙarfen ɗora tukunya ya yi ƙanƙanta, don haka babbar tukunyar tuwo ba ta zama daram a kansa.

Matsalar ta fito ne daga murhun. Wata safiya mai ɗakina ta murɗa makunnin ta ƙyasta ashana, sai wuta ta tashi ta ƙarƙashin murhun, daidai inda ya haɗu da bakin silinda, ta lashe mata bayan hannu. Allah Ya taƙaita, ta samu ta rufe, amma ƙunar ta ɗauki kusan mako uku ana wanke ta ana ɗaurewa. Da na kai wa mai gyara, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar, nan take kumfa ta riƙa tasowa, kuma da ya kwance ya nuna mini cewa zaren da ake murɗawa bai hau daidai ba tun daga ƙira, robar da ke ciki ce ta daɗe tana rufa asiri har ta gaji.

Na koma shagon da murhun a hannuna. Mai shagon ya karɓe ni da mutunci, ya jajanta, sannan ya ce: "Malam, wallahi mu ma haka aka kawo mana su a kwali, ba mu muka ƙera ba." Na ce masa: "Na yarda, Alhaji, to wa ya ƙera?" A nan magana ta tsaya, domin babu sunan kamfani a jikin murhun, babu ƙasar da aka yi shi, babu lamba, kwalin kuwa an daɗe da zubarwa. Ya ba ni sabo kyauta, na kuma gode masa, sai dai sabon ma ba shi da suna, kuma maganar kuɗin magani ba ta taso ba.

Wannan amsa ta mai shago ita ce ainihin abin da dokokin ƙasashe da dama suka daɗe da rufe wa ƙofa. A shekarar 1963 kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Greenman, wanda guntun katako ya fizgo daga injin sassaƙa ya buge shi a goshi. Mai shari'a Roger Traynor ya bayyana cewa duk kamfanin da ya fito da kaya kasuwa, yana sane da cewa za a yi amfani da su ba tare da an binciki lahaninsu ba, to alhakin raunin da lahanin ya jawo yana wuyansa. Ma'ana, wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da cewa an yi sakaci a masana'anta ba, abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya nuna kayan suna da lahani kuma lahanin ne ya cutar da shi. Hikimar a fili take: mai saye ba ya shiga masana'anta, ba shi da hanyar sanin wane ma'aikaci ne ya yi kuskure, alhali kamfani yana iya yin inshora ya raba nauyin a kan farashin kayansa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wannan hanya a 1985, har suka ƙara wani sharaɗi da ya dace da halin da na shiga, wato idan ba a gano wanda ya ƙera kaya ba, ana ɗaukar mai sayarwa a matsayin maƙerin, sai fa idan ya faɗi wanda ya ƙera ko wanda ya kawo masa.

A Najeriya ma ba a bar mai saye haka kawai ba. Tun a 1985 Kotun Ƙoli ta ɗora wa kamfanin Nigerian Bottling Company alhakin raunin da wata 'yar kasuwa mai suna Ngonadi ta ji sakamakon fashewar firji mai amfani da kananzir da ta saya a wurinsu, duk da cewa su dillalai ne ba maƙera ba. Wancan hukunci an gina shi ne a kan sakaci, amma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai kula da wannan aiki, ta yi gaba da haka, domin sashe na 136 ya ce idan kaya masu lahani suka jawo ɓarna, wanda ya sayar ko ya kawo kayan shi ke da alhaki. Ashe ke nan "ba mu muka ƙera ba" ba ta wanke mai shago, ko da ya faɗe ta da zuciya ɗaya, kamar yadda na yi imani nawa ya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na raunana hujjata da hannuna, domin ban karɓi rasit ba ranar da na saya. Doka tana aiki ne da shaida, kuma murhu marar suna da aka saya ba takarda abu ne da kowa zai iya musun cewa daga wurinsa ya fito.

Hukuncina a kan wannan kaya ya rabu biyu. Silindar ina ci gaba da amfani da ita, kuma zan iya ba ƙaramin gida shawarar sayen irinta. Murhun da ake haɗowa da ita kuwa ba zan ba kowa shawarar ɗaura shi ba, komai arhar sa. Sabon da aka ba ni yana nan a ajiye ban taɓa kunna shi ba. Na sayi wani mai ɗauke da sunan kamfani da ƙasar ƙira, na sa aka rubuta sunansa a rasit mai hatimin shago, aka kuma gwada mahaɗar da ruwan sabulu a gabana kafin na biya.